Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Daraktan Hukumar Gidajen Tarihi Ta Ƙasa: Ramukan Nok Da Wa'adin 2027

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu da muka rubuto wannan takarda mazauna Jos ne, kuma dukanmu abincinmu yana cikin harkar kayan tarihi: akwai masu tono da binciken abin da ke binne a ƙasa, akwai masu gyaran kaya da adana su, akwai malaman tarihi. Mun zaɓi mu yi maganar a bainar jama'a, kuma da Hausa, saboda da Hausa ake cinikin waɗannan kaya a bakin rami, daga Kwoi har Kagarko. Wanda ya sayar da Hausa, ya kamata ya ji da Hausa inda kayan suke ƙarewa, da wanda yake cin ribarsu.

Muna taya hukumarka murnar abin da aka samu game da kayan Masarautar Benin. A watan Yulin 2022 Jamus ta sa hannu ta sakar wa Najeriya mallakar kaya fiye da 1,100, a Disambar wannan shekarar ministocinta biyu suka kawo kashin farko Abuja da hannunsu. Cibiyar Smithsonian ta Amurka ta saki 29, gidan tarihin Horniman na Landan ya saki 72, Holan ta dawo da 119 a 2025. Aiki ne babba, an kuma daɗe ana bin sa. Sai dai waɗannan kaya sojojin Ingila ne suka kwashe su a 1897, fashi ne da aka yi shi da rana tsaka aka gama. Wanda ya hana mu barci shi ne wanda ake yi yanzu wa kayan Nok, wato mutum-mutumin yumɓu na wata tsohuwar al'ada da ke binne a ƙasa, ba bindiga, ba soja, da diga da shebur, a kudancin Kaduna da Nasarawa da Neja da gefen Abuja inda ofishinka yake.

Mutumin Jos ba sai an yi masa dogon bayani ba, don ya riga ya ga irinsa a kuza. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Ririwai suna narka kuzarsu da kansu. Da kamfanoni suka zo a farkon ƙarni na 20 sai aka koma ɗibar ta ɗanya, a loda a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, a narka ta a Ingila. Sai a farkon shekarun 1960 aka kafa wurin narka ta a Makeri, kusa da Jos. Lebura ya sha rana da kwano a ka, riba ta tafi inda murhu yake, mu kuma aka bar mana kududdufan da har gobe suke cin yara da shanu a Bukuru da Barikin Ladi. A cikin ramukan kuzar ne aka fara cin karo da kayan Nok, a 1928, kusa da ƙauyen da aka sa wa al'adar sunansa. A 1943 wani kan mutum na gasasshen yumɓu, wanda aka tono a yankin Jama'a har wani ya kafa shi a gonar doya yana yi masa gadi, ya iso hannun Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, a nan Jos. Daga nan aka gane cewa abin tarihi ne mai zurfi, har aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952. To yau kayan Nok hanyar da kuza ta bi suke bi: su fita ɗanyu, a ƙara musu daraja a can, a bar mana rami.

Ga yadda abin yake tafiya. Masu haƙa sun san alamar wuri: gutsattsarin tukwane da duwatsun niƙa a kan tudu ko a gindin dutse. Su kafa rami, in sun ga ƙasa ta yi baƙi da gawayi su bi ta. Mutum-mutumin Nok fanko ne a ciki, an gina shi kamar yadda ake gina tukunya, da yumɓu mai tsakuwa, wutar da aka gasa shi da ita kuma ba ta da ƙarfi sosai. Ga shi bincike ya nuna tun asali a farfashe aka binne yawancinsu. Don haka mai haƙa kai yake nema, don kai ne ke da kasuwa, sauran ya watsar. Dillalin ƙauye ya biya shi abin da bai wuce na cefane ba. Daga nan sai birni, wurin masu haɗi: kan wannan, gangar jikin wancan, hannun wani daban, a niƙa tsofaffin gutsattsari a kwaɓa da danƙo a cike giɓi, a shafe da ƙasa. Shi ya sa duk wanda ya san aikin, in ya ga cikakken mutum-mutumin Nok ba tsaga ba karaya a shagon Turai, yakan yi shakka. Sai a ƙetare iyaka da shi ta Kwatano ko Lome da sunan sabbin kayan ado na masu sana'ar hannu, ya sauka Burasel ko Paris.

A can ne yumɓu yake zama kuɗi, kuma takardu uku ne suke mayar da shi. Ta farko takardar gwajin shekaru. Ana huda ɗan ƙaramin rami a jikin kayan, a ɗebi garin da bai wuce miligiram 100 zuwa 200 ba, a gasa shi a na'ura zuwa zafin digiri 500 ko kusa da haka, a auna ɗan hasken da yake fitarwa. Yawan hasken ne ke nuna tsawon lokacin da ya wuce tun ranar da wuta ta taɓa yumɓun, da kuskuren da kan kai kashi 20 cikin 100. Raunin gwajin shi ne shekarun gurbin da aka huda kaɗai yake faɗa, shi ya sa masu haɗi suke dasa tsohon gutsure a daidai inda suka san za a huda, shi ya sa kuma manyan masu saye suka koma sa kayan a na'urar hoton asibiti don su ga cikinsa. Abin takaici, wannan takarda abin da take tabbatar wa mai saye shi ne kayan na gaske ne, wato da gaske daga ƙasarmu aka sato shi, sai farashi ya tashi. Ta biyu takardar asali, wadda ke cewa kayan yana gidan wani Bature tun kafin 1970, kuma sau da yawa ba abin da ke bayanta sai sa hannun wanda ya riga ya mutu. Ta uku ita ce a samu hotonsa ya fito a kundin wani baje koli. Mai ɗakin gwaji ya ci, mai hoto ya ci, mai inshora ya ci, mai gwanjo ya yanki kamashonsa daga mai saye da mai sayarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Don a san girman kasuwar: a 2007 an sayar da kan tagulla guda ɗaya na Benin a gwanjon Sotheby's a Amurka kan dala miliyan 4.7. Ita kanta Najeriya sai da ta zuba kuɗinta a shekarun 1950, ta sake zubawa a 1980, tana sayen kayan Benin daga hannun waɗanda suka gaji satar.

Abin da ake asara a ramin ya fi kan da aka ɗauke. Tun 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka yi aiki tare da hukumarka, da sansaninsu a ƙauyen Janjala a Jihar Kaduna, kuma mafi yawan wuraren da suka rubuta sun tarar ɓarayi sun riga su. Daga 'yan kaɗan da suka tsira ne aka san cewa al'adar ta faro tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, cewa mutum-mutumin sun bayyana wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, cewa mutanen suna noman gero da wake, suna cin atili da ɗinya. A 2021 aka buga sakamakon gwajin da ya gano kakin zuma a jikin tukwanensu, shaidar cin zuma ta shekara kusan 3,500. A Taruga, kusa da Abuja, an tono murhunan narka tama da suke cikin mafi tsufa a Afirka ta Yamma. Duk wannan daga ina aka same shi? Daga ƙwayar gero da ta ƙone, da gawayi, da gutsuren tukunya, da sanin wanne ne a sama wanne ne a ƙasa. Su ne ainihin abin da mai diga yake watsarwa a bayansa. Kan da aka sace ana iya dawo da shi bayan shekara hamsin. Ƙasar da aka birkita ba mai sake jera ta.

Yanzu ga dalilin gaggawar wannan takarda. A ƙarshen shekarun 1990 Faransa ta sayi mutum-mutumin Nok biyu da na Sakkwato ɗaya daga wani dillali a Beljiyam kan faran miliyan 2.5. A Afrilun 2000 aka baje su a gidan tarihin Louvre na Paris, a shekarar da Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar da jan jerinta na kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya, kuma kayan Nok da na Sakkwato da na Katsina suna ciki. Aka yi ta surutu. A 2002 aka daidaita: Faransa ta amince kayan na Najeriya ne, Najeriya kuma ta ba ta aronsu na shekara 25, wanda ake iya sabuntawa. Yanzu suna hannun gidan tarihin Quai Branly na Paris. Wa'adin 2027 ne. Haka kuma yarjejeniyar da Najeriya ta ƙulla da Amurka a Janairun 2022, wadda ta ba kwastam ɗin Amurka ikon tsare kayan tarihinmu da suka shiga ba takarda, ta shekara biyar ce. Ita ma 2027 ke nan, kuma kafin a sabunta irinta sai wani kwamiti a can ya duba ko ƙasar da ta nema tana yin nata ƙoƙarin a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada a dogara da yarjejeniyar hana fataucin kayan tarihi ta 1970 ta UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, domin an ɗinka ta ne daidai jikin ƙasashe masu saye. Najeriya ta shiga tun 1972. Amurka sai 1983, Faransa 1997, Ingila 2002, Suwizalan 2003, Jamus 2007, Beljiyam 2009, kuma ba ta waiwayen abin da ya faru kafin ƙasa ta shiga. Shekarun da aka fi kwasar kayan Nok, wato 1990 da 'yan kai, yawancin ƙasashen da ke da manyan kasuwannin ba su shiga ta ba. Sashe na 7 ya ƙara wani tarko: kayan da za a dawo da shi sai an nuna yana cikin rajistar gidan tarihi ko wani wurin tarihi da aka sace shi, kuma ƙasar da ke nema ita za ta biya diyya ga wanda ya saya bisa rashin sani. Abin da aka tono daga daji da daddare a rajistar wa yake? Yarjejeniyar 1995 ta UNIDROIT, cibiyar daidaita dokokin ƙasashe, ta toshe wannan ɓaraka, ta ce abin da aka tono ba bisa doka ba sata ne. Najeriya ta shiga. Amurka da Ingila da Jamus da Beljiyam ba su shiga ba, Faransa ta sa hannu ta tsaya nan. Abin da ya ɗan buɗe ƙofa shi ne dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki sosai a ƙarshen Yunin 2025, wadda ta wajabta lasisi kafin a shigo da kayan tono da suka haura shekara 250, tare da shaidar cewa sun fita daga ƙasarsu bisa doka. Amma jami'in kwastam na tashar jiragen ruwa ta Antwerp a Beljiyam da dokarmu zai yi awo. In ta yi rauni, shi ma hannunsa ya yi rauni.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma dokar da ta kafa hukumarka, Doka ta 77 ta 1979, ta tsage. Tarar mai cinikin kayan tarihi ba izini naira 2,000 ce ko ninki biyar na darajar kayan, ko ɗaurin shekara uku. A 1979 naira 2,000 kuɗi ne, yau ba ta sayen mudun shinkafa mai kyau. Babbar tsagar ma ba nan take ba. Dokar ta yi maganar izinin tono, da izinin ciniki, da izinin fitarwa, amma ba ta fito ƙarara ta ce duk abin tarihin da ke binne a ƙasa, an gano shi ko ba a gano ba, mallakar ƙasa ne. Bambancin yana da girma a gaban alƙalin waje. Kotunan ƙasashe da yawa ba su damu da an karya dokar fitar da kaya ta wata ƙasa ba, amma sata sata ce a ko'ina. Masar ta rubuta wannan jimla a Dokarta ta 117 ta 1983, kuma da ita wata kotu a Amurka ta ɗaure wani hamshaƙin dillali a 2002. UNESCO da UNIDROIT sun riga sun fitar da samfurin irin wannan sashe tun 2011, sai dai a ɗauka a daidaita. Muna roƙon ka kai wa Majalisar Tarayya wannan gyara shi kaɗai, kada a jira babban kundin gyara da zai kwana a kwamiti har wa'adin majalisa ya ƙare.

Sai rajista, kuma a nan za mu ɗan daɗe, don nan ne aikin da ba mai yanka masa kintinkiri. A Janairun 1987 'yan fashi suka shiga gidan tarihin Jos suka yi awon gaba da kaya masu daraja, ciki har da kan tagulla na Ife. Bayan shekara ashirin ya ɓulla a wani gwanjon gwamnati a Beljiyam, aka sayar da shi kan abin da bai kai yuro 300 ba. Da aka kai shi wani gidan gwanjo a Ingila a 2017 aka gane shi, 'yan sandan Landan suka riƙe. Me ya sa aka gane shi? Saboda akwai hotonsa da bayaninsa, an kuma kai rahoton satar tun lokacin. Kayan da ba shi da hoto, ranar da ya fita ƙofa ya zama na wanda ya riƙe shi.

Ma'aunin da 'yan sandan duniya suke aiki da shi ba shi da wuya. Hoto daga gaba, da baya, da gefe biyu, da ƙasa, da ma'auni a ajiye kusa da kayan. Hoton kusa na duk wata tsaga, ko tabo, ko tsohon gyara, don su ne zanen yatsan kayan. Kawunan Nok da yawa suna kama da juna, amma karaya biyu ba sa zama iri ɗaya. Sai nau'in kaya, abin da aka yi shi da shi, tsawo da faɗi da nauyi, rubutu ko lamba da ke jikinsa, abin da yake nunawa, zamaninsa, da inda aka samo shi. Kayan aikin su ne kyamara, fitila biyu, farin ƙyalle, sikeli da kwamfuta. Mutum biyu da suka saba suna iya gama kaya 20 a yini. A kwanakin aiki 220 sun yi 4,400. Ƙungiya goma ta yi 44,000 a shekara. Inda irin wannan aiki yake lalacewa wuri uku ne. Lambar da ke jikin kaya ba ta dace da ta tsohon littafi ba, don takardar da aka ɗaura ta faɗi ko an sake lamba sau biyu. Maganinsa a ajiye duk tsofaffin lambobi, kada a goge ko ɗaya. Na biyu, komai yana kan kwamfuta ɗaya, ranar da wuta ta ƙona ta aiki ya koma farko. A ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gari dabam, ɗaya a buga a takarda. Na uku, wanda ke riƙe da makullin sito shi ne mai ƙirga. A raba su, kuma duk bayan wata uku wani daga waje ya zaro lamba 50 ba tare da sanarwa ba ya ce a nuna masa. Wannan ba zargin kowa ba ne. A 2023 babban gidan tarihin Birtaniya da kansa ya amsa cewa kaya kusan 2,000 sun ɓace ko sun lalace a hannunsa, yawancinsu ba a yi musu cikakkiyar rajista ba. Masu ce mana ba mu iya ajiya ba ke nan. Amma gazawarsu ba ta gyara mana sito.

Sito kuwa a Jos abokin gabarsa iska ce. Da hunturu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 30, a Agusta ta haura 80. Gasasshen yumɓun da ya kwana shekara dubu biyu a ƙasa ya sha gishiri. Da damina gishirin ya narke, da rani ya daskare ya kumbura, ya riƙa ɓantare fuskar kayan kaɗan-kaɗan, sai a ga gari a ƙasan kantar ajiya. Tagulla kuma ta fito da koren gari mai cin ta, wanda ba ya lafawa sai laima ta sauka ƙasa da kashi 40. Mutane sukan ɗauka na'urar sanyaya ɗaki ce magani. Da wutar da muke da ita, a kunna awa huɗu a kashe awa goma, ta fi rashinta ɓarna, don hawa da saukar ne ke fasa kaya. Abin da ya fi shi ne gini mai kauri da rufin da ba ya yoyo, kantoci na ƙarfe da suka tashi daga ƙasa aƙalla santimita 15, da akwatuna masu rufuwa ruf da ƙwayoyin silika masu shan laima a ciki, waɗanda ake gasawa a sake amfani da su. Kayan itace da na fata da gara ko ƙwaro suka shiga, a naɗe su a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda, a bar su su huce a cikin ledar kafin a buɗe. A kuma hana liƙa karaya da sufa gulu ko Araldite: sun fi yumɓun ƙarfi, in kayan ya motsa sai ya sake karyewa a gefen liƙin, kuma ba sa cirowa. Danƙon Paraloid B-72 da aka narka a ruwan asiton shi ne na aikin, don gobe ana iya warware shi. Haka tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke gidan tarihin Jos suke buƙatar akwatin kwali marar asid da hoton kowane shafi, kafin tawada ta gama cin takarda. Tun 1963 UNESCO ta buɗe makarantar horar da ma'aikatan gidajen tarihi na Afirka a nan Jos. Garin da ya koya wa nahiya wannan aiki bai kamata ya rasa silika ba.

Game da mai haƙa, kama shi kaɗai ba zai yi ba. Doka ta ce wanda ya tsinci abin tarihi ya sanar cikin kwana bakwai. In ya sanar me zai samu? Tsoron a karɓe gonarsa, ko a tsare shi. In ya kira dillali kuwa kuɗi a hannu kafin magariba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ingila, da ba ta da talaucinmu, dokarta ta 1996 tana biyan wanda ya tsinci taska ya sanar cikin kwana 14 daidai darajar kasuwa, a raba tsakaninsa da mai gona. Ba mu ce a biya farashin Paris ba. A ware asusu, a sa lada mafi tsoka ga wanda ya nuna wuri bai taɓa shi ba, fiye da wanda ya kawo kai a buhu, in ba haka ba ladar ce za ta zama sabuwar kasuwar haƙa. A bi ta hannun dagatai da masu unguwanni, a ba da rasit, a rubuta sunan ƙauyen a jikin allon baje koli, a ɗauki matasan wurin aikin tono da gadi da albashi. Sannan yanzu da ake rububin zinari da litiyam a wannan yanki, a zauna da ma'aikatar ma'adinai a sa sharaɗi a lasisi: kafin katafila ta shiga, masu bincike su zaga filin, kamfanin ne zai biya, kamar yadda masu gine-gine suke biya a Faransa.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan gumaka? Muna jin wannan magana a kasuwa da masallaci da coci, ba kuma ma raina ta. Ba wanda ya ce a bauta musu. Shaida ce ta mutanen da suka noma geron da muke nomawa, suka narka ƙarfe a ƙasar nan tun kafin a kafa birane da yawa na Turai. Alƙur'ani ya yi ta umartar mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi yadda ƙarshen na farko ya kasance. Saudiyya ta sa an shigar da kufan Mada'in Salih a jerin wuraren tarihin duniya na UNESCO tun 2008, tana kuma zuba dukiya a Al-Ula. Wanda ya fasa mutum-mutumi don ƙyama da wanda ya sayar don yunwa, duk dillalin Burasel suke yi wa aiki, don abin da ya yi ƙaranci shi ke tsada.

Lissafin ƙarshe na masu kallo ne. Louvre ta karɓi baƙi miliyan 8.7 a 2024, kowane da kuɗin otal da na abinci da na mota da yake bari a Paris. Italiya tana da wurare fiye da 60 a jerin UNESCO, Najeriya biyu: Sukur na Jihar Adamawa tun 1999, da kurmin Osun na Osogbo tun 2005. Ba tarihi suka fi mu ba, kuɗin rubuta takardun nema da na kula da wuri suka fi mu, kuma shiga jerin yana jawo baƙi, baƙi su jawo kuɗi, kuɗi ya sake rubuta wata takardar. Ɗalibin Jami'ar Jos da ke son ganin kayan kakanninsa a Paris sai ya biya yuro 90 kuɗin biza, wanda ya fi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuma in an hana shi ba a mayar masa. Don haka in za a ba da aro, a daina bayarwa kyauta.

Abin da muke nema game da kayan nan uku na Paris shi ne hukuma ta buga yarjejeniyar 2002 kowa ya karanta, ta kuma rubuta wa Faransa tun yanzu cewa ba za a sabunta ta a yadda take ba. Kayan su dawo, a fara baje su a Kaduna da Jos inda jikokin masu ƙasar za su gan su da kuɗin mota. In daga baya za a sake ba da aro, ya zama na shekara uku zuwa biyar, da kuɗin aro a rubuce, da haƙƙin hotuna a hannun Najeriya, da sharaɗin a kafa ɗakin gwajin shekarun yumɓu a ɗaya daga jami'o'inmu, Jos ko Zariya, a horar da masu riƙe shi, a kuma ɗauki nauyin gyaran na'urar na shekara goma, don na'urar da ba kayan gyara kabad ce kawai. A nemi gidajen tarihin Turai da Amurka su fito da jerin duk kayan Nok da Sakkwato da Katsina da ke hannunsu, kamar yadda aka yi wa Benin a 2022, inda aka tattara kaya 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20 a shafin intanet guda. Kan Ife na Jos kuma a sanar da jama'a inda maganarsa ta kwana, da ranar da ake sa ran ganinsa a akwatin da aka ɗauke shi.

Allah ya taimake ka, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Wassalam,
Wasu masu aikin bincike da adana kayan tarihi,
Jos, Jihar Filato.